Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Gargaɗi ga Mai Niyyar Ziyarar Urushalima



Wata rana da maraice wani saurayi, wanda bai daɗe da karɓar baftisma ba, ya yi mani sallama. Lebura ne a gonakin gwaji na Samaru, yana da mata da 'ya'ya biyu, da 'yar gona wadda ya gada wurin ubansa. Bayan mun gaisa ya yi shiru, yana zanen ƙasa da tsinke, sa'an nan ya ce, "Malam, ina so in sayar da gonata." Na ce, "Ɗana, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. A ikilisiyarmu akwai waɗanda suka je Urushalima. Su ne a ke zaunarwa a gaba, ana kuwa rubuta haruffa biyu bayan sunansu. Dangina kuma su kan ce mani, kowane addini yana da inda a ke zuwa, kai ina naka? Ni kuwa sai in ji kamar bangaskiyata ba ta cika ba sai na taka ƙasar da Ubangiji ya taka."

Na sani ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba. Tun da gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar kula da masu ziyara Kirista a shekara ta 2007, zuwa Urushalima ya zama sanannen abu a cikinmu. Domin wannan na rubuta 'yar takardar nan. Ni ma Allah ya nufa na je, na gani da idona, abin da na faɗa wa saurayin nan kuwa shi zan faɗa maka.

TAFIYA BA LAIFI BA CE

Ba za a ce wa mutumin Sabon Gari ko na Samaru tafiya mugun abu ce ba, gama dukanmu jikokin matafiya ne. Sabon Gari bai zama gari ba sai da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a shekara ta 1911, Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawan wasu garuruwa suka zo neman abinci, suka kafa bukkokinsu kusa da tasha. Samaru ta cika da baƙi saboda gonar gwaji da aka buɗe a 1922, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Bishara kanta da ƙafa ta zo mana. Likita Miller ya bar Ingila, ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, aikin ya koma Wusasa kusa da dutsen Kufena a 1929, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Da kowa ya zauna gida, da ba mu ji ba. Masu hikima sun ce tafiya mabuɗin ilimi, gaskiya kuwa suka faɗa. Sai dai mu tambaya: wane ilimi ziyarar Urushalima ta kan buɗe, wane abu ne kuma ba ta iya bayarwa?

ABIN DA IDO YA KAN GANI

Babban amfanin ziyara shi ne ka ga labarin Yesu Almasihu ba tatsuniya ba ne. Tatsuniya ba ta da gari, ba ta da shekara. Ba wanda zai nuna maka kangon gidan Gizo da Ƙoƙi. Amma garuruwan bishara suna nan, ana shiga mota a je su. Daga Urushalima zuwa Baitalami wajen kilomita 10 ne, watau kusan tafiyar Samaru zuwa Sabon Gari. Daga Nazarat zuwa Urushalima kusan tafiyar Zariya zuwa Kano ce. Tekun Galili tafki ne, tsawonsa wajen kilomita 21, kana wannan gaɓa kana hangen waccan. Hanyar Urushalima zuwa Yariko gangare ce mai tsanani, ta sauka wajen mita 1,000 cikin duwatsu da busasshen jeji. Wanda ya bi ta sau ɗaya ba zai ƙara mamakin yadda 'yan fashi suka tare mutumin nan da Basamariye ya taimaka ba.

Ƙasa kuma tana ba da shaida. A shekara ta 1961 masu tonon kufai suka sami wani dutse a Kaisariya, da sunan Bilatus a rubuce bisansa, shi gwamnan nan da ya yanke wa Ubangijinmu hukunci. A 1986 ruwan Tekun Galili ya ja baya saboda fari, aka sami jirgin masunta na zamanin manzanni kwance cikin laka, tsawonsa wajen mita 8. A 2004 ana gyaran magudanar ruwa a Urushalima aka tarar da matakalan tafkin Siluwam, inda aka aiki makahon nan ya wanke idonsa. Waɗannan abubuwa ba su ne tushen bangaskiyarmu ba, amma suna ƙarfafa zuciya, gama gani ya kori ji.

GANUWA DABAM, LABARI DABAM

Amma ka yi hankali, gama ba kowane abin da jagora ya nuna maka da yatsa ne tarihi ba. Kai mutumin ƙasar Zazzau ne, ka riga ka san wannan. Ganuwar da ta kewaye Kufena da kufan Turunku abin taɓawa ne da hannu. Sarauniya Amina kuwa sunanta yana cikin rubuce-rubucen magabata, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta. Duk da haka masana sun rabu bisa zamanin da ta yi, waɗansu sun ce ƙarni na 15, waɗansu na 16. Bakin mutane kuma ya ƙara nasa, har kusan kowace tsohuwar ganuwa a ƙasar Hausa ana ce da ita ganuwar Amina. Mai hankali ya kan girmama labarin kakanni, ya kan kuma bambanta abin da aka tabbatar da abin da aka ce.

Haka za ka yi a Urushalima. Ka tuna Romawa sun rushe birnin a shekara ta 70, suka sāke gina shi da wani fasali wajen shekara ta 135. Titin da ka ke takawa yau yana bisa tsibin kufai, titin zamanin Yesu yana can ƙarƙashin ƙasa. Manyan majami'u na farko ba a gina su ba sai zamanin Sarki Kustantin, bayan uwarsa Helena ta yi ziyara wajen shekara ta 326, watau kusan shekara 300 bayan gicciye Ubangiji. Za a ba ka labari cewa Helena ta tono gicciyen da kansa. Amma Yusibiyus, malamin da ya rayu a zamaninta, ya kuma rubuta labarin tafiyarta, bai ambaci wannan ba. Sai shekaru da dama bayan rasuwarta aka fara jingina mata labarin. Za a bi da kai Hanyar Wahala, inda a ke tsayawa sau 14 domin tunawa da tafiyar Yesu zuwa Golgota. Biyar daga cikinsu ba su cikin bishara, kamar labarin matar da aka ce ta shafe masa fuska da ƙyalle. Masu ibada na baya ne suka ƙara su saboda ƙauna. Kada ka yi musu ba'a, kada kuma ka komo gida ka koyar da su kamar Maganar Allah.

Har kabarin ma biyu za a nuna maka. Na farko yana cikin babbar majami'ar da aka keɓe a shekara ta 335. Shaidarsa ta fi ƙarfi, gama a zamanin Yesu wurin yana bayan ganuwa, tsohon wurin fasa dutse ne mai kaburbura, sa'ad da aka ɗaga murfinsa kuma a 2016 domin gyara, aka auna kwaɓin da aka liƙa shi, aka tarar na zamanin Kustantin ne. Na biyu yana cikin wani lambu mai sanyi, wanda ya yi suna bayan ziyarar wani Bature, Janar Gordon, a 1883. Wurin yana da daɗin addu'a, amma masana sun ce kabarin ya girmi zamanin Yesu da ɗaruruwan shekaru. Na ga wata tsohuwa cikin ayarinmu ta rikice, ta ce, "To, wanne ne na gaskiya?" Aka amsa mata, "Iya, ki leƙa duka biyu, ba kowa a ciki." Wannan ita ce amsar, gama matan da suka yi sammako ran Lahadi ta fari su ma ba su tarar da shi a can ba. Mai bi ba ya rantsuwa bisa dutsen da bai tabbatar ba. Wanda ya gina bangaskiyarsa bisa labarin jagora, ran da aka ƙaryata jagora bangaskiyarsa za ta girgiza, gama ramin ƙarya ƙurarre ne.

KUSA DA WURI BA KUSA DA ALLAH BA NE

Ga wani abin da na gani, wanda ya sa ni kunya. Ɗariku shida na Kirista suna raba majami'ar kabarin nan, kowa da kusurwarsa, kowa da lokacinsa, suna kuwa kishin juna ƙwarai. Akwai wani tsani na itace jingine ƙarƙashin taga, ya fi shekara 150 a wurin, domin ba a iya kawar da shi sai duka sun yarda. A 2008 waɗansu daga cikin masu tsaron wurin suka doki juna a gaban kabarin, har 'yan sanda suka shiga tsakani. Mabuɗin ƙofar kuwa tun ɗaruruwan shekaru yana hannun gidaje biyu na Musulmi, su ke buɗewa da safe, su rufe da dare, suna riƙe da amanar. Ba na faɗin wannan domin in zargi kowa, gama irin wannan kishi yana cikin ikilisiyoyinmu na Sabon Gari. Na faɗa ne domin ka ga mutum ya iya kwana taki goma daga wuri mafi daraja, zuciyarsa kuwa tana nan yadda ta ke. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Wani babban malamin ikilisiya, Girigori na Nisa, ya je Urushalima wajen shekara ta 380. Da ya komo ya rubuta wa abokansa, ya nuna musu ya riga ya gaskata haihuwar Almasihu tun bai ga Baitalami ba, ya gaskata tashinsa tun bai ga kabarin ba, sauya wuri kuwa ba ya matso da mutum kusa da Allah. Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da Ubangiji ya koya wa matar nan a bakin rijiyar Yakubu, cikin sura ta 4 ta Bisharar Yohanna. Ta tambaye shi wane dutse ne ya cancanci sujada, na kakanninta ko na Urushalima. Ya nuna mata Uba ba ya duban dutsen da mutum ya tsaya a kai, zuciyar da mutum ya zo da ita ya ke duba.

Ka tuna kuma da mai ziyara daga Afirka wanda Sabon Alkawari ya ba mu labarinsa, watau ma'ajin sarauniyar Habasha. Ya yi doguwar tafiya zuwa Urushalima domin sujada, ya gama, ya juyo, yana karanta littafin annabi Ishaya cikin karusarsa, bai kuwa gane ba. Ba cikin birni mai tsarki ya sami Almasihu ba. A hanyar hamada ne, yana komawa gida, sa'ad da Filibus ya zauna kusa da shi ya buɗe masa Nassi. Irin wannan ya faru a ƙasarmu. A shekara ta 1913 waɗansu daga cikin Isawa, almajiran da suka gaji koyarwar Malam Ibrahim na Kano bisa Annabi Isa, suka zo Zariya wurin Likita Miller domin su ƙara sani. Daga baya suka zauna a Gimi, inda ciwon barci ya kashe da yawa a cikinsu. Ba su taɓa ganin Urdun ba. Mutum suka zo nema, ba gari ba, waɗanda suka tsira kuwa suka zama tushen ikilisiyar Wusasa.

Saboda haka ka riƙe wannan da kyau: ziyarar Urushalima ba farilla ba ce ga mai bin Yesu. Bai umarce ta ba, manzanninsa ba su ɗora wa kowa ita ba. Ba ta wanke zunubi, gama an riga an biya wannan bisa gicciye. In danginka sun tambaye ka, ka amsa musu haka da ladabi, kada kuwa ka raina tafiyar da wani ya ke yi bisa ga addininsa.

HALIN MAI TAFIYA

In Allah ya hore maka, ka tafi da murna, amma ka kiyaye waɗannan.

Na ɗaya, ka duba kuɗin da za ka tafi da su. Kada ka sayar da gonar da ke ciyar da iyalinka. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa kuɗin makarantar 'ya'yanka, kada ka nemi kujera ta hanyar toshi ko fadanci. Wanda ya bar matarsa da rumbu wofi domin ya je ya yi kuka a Gatsemani, ya saɓa wa wanda ya yi addu'a a Gatsemani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, ka shirya da maƙwabcinka tun ba ka ɗaure kaya ba. In akwai wanda ba ku ga maciji, ka je gidansa. In kana riƙe da hakkin wani, ka mayar. Tafiyar nan ta taki ashirin ta fi ta jirgin sama wuya, ta kuma fi ta amfani.

Na uku, ka zama baƙo mai ladabi. Ƙasar nan tana da mutanenta, Yahudawa da Larabawa, Musulmi da Kirista, sun kuwa sha wuyar yaƙi ƙwarai, har akwai lokatan da hanyar ziyara ta kan rufe, kamar yadda ya faru a ƙarshen 2023. A Baitalami za ka sami 'yan'uwa Kirista Larabawa, waɗanda su ke kiran sunan Allah kamar yadda mu ke kira. Kada ka dubi duwatsu kaɗai ka manta da masu rai. Ka gaishe su, ka yi sujada tare da su, ka yi wa dukan mutanen ƙasar addu'ar salama. Ƙofar majami'ar haihuwa gajera ce, ba ta kai ƙirjin mutum ba, sarki da talaka sai sun sunkuya. Ka riƙe sunkuyon nan har ƙarshen tafiyarka.

Na huɗu, ka cika alkawari. Waɗansu sun tafi da sunan ziyara, suka sulale suka ɓuya domin neman aiki. Wannan ƙarya ce da cin amana, ta kuma jawo wa waɗanda suka tsaya musu wahala. Ka tafi da ayari, ka komo da ayari.

Na biyar, kada ka mai da tsaraba laya. Za ka ga ana sayar da ruwan Urdun da man zaitun da ƙasa cikin kwalabe. In ka saya domin tunawa, ba laifi. Amma wanda ya bar layu da guraye ran baftismarsa, sa'an nan ya rataye kwalbar ruwa bisa ƙofa domin tsari, ya koma inda ya fito. Urdun a wurin da a ke yin baftisma ɗan kogi ne mai laka, bai fi Kubanni da damina ba. Na'aman jarumin Suriya ya raina shi, ya ce kogunan garinsu sun fi shi. Ya warke ne sa'ad da ya ƙasƙantar da kansa ya yi biyayya, ikon kuwa na Allah ne, ba na ruwan ba. Baftismar da aka yi maka a Samaru cikakkiya ce, ba ta bukatar ƙari.

Na shida, ka lura da komowarka, gama a nan ne a ke auna tafiya. In ka komo kana neman kujerar gaba, kana fushi domin an manta da haruffan bayan sunanka, ka yi asarar kuɗinka. Matarka ce za ta san ko ka je, da yaron shagonka, da mai sayen hatsi wurinka a kasuwar Sabon Gari. In mudunka ya cika, harshenka ya yi laushi, hannunka ya buɗe, to, ka je Urushalima. In kuwa ba haka ba, jirgi ne kawai ya kai ka ya komo da kai.

GA WANDA BAI TAFI BA

Kai kuwa da ba ka da hali, kada zuciyarka ta karai. Yawancin tsarkaka tun daga farko ba su ga Urushalima ba, ba su kuwa rasa kome ba. Ubangiji ya riga ya gaya mana inda za mu same shi. Cikin sura ta 25 ta Bisharar Matiyu ya nuna abin da aka yi wa mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku, shi aka yi wa. Waɗannan kuwa suna tsakanin Samaru da Sabon Gari kowace rana. Akwai majinyata a asibitin Shika waɗanda ba mai kai musu abinci. Akwai ɗalibai baƙi da kuɗinsu ya ƙare. Akwai gwauruwa a bayan gidanka. Kuɗin mota zuwa wurinsu kaɗan ne.

Haka na faɗa wa saurayin nan. Na ce, "Ɗana, ka riƙe gonarka. Ka karanta Bisharar Luka daga farko har ƙarshe, sura ɗaya kowace safiya, ka bi Ubangiji daga Baitalami har Dutsen Zaitun. Kowace Asabar kuma ka je ka gai da majinyaci ɗaya. In ka gama, ka komo mu yi magana." Ya tafi ba da murna sosai ba. Bayan wata biyu ya komo, ya ce, "Malam, har yanzu ina marmarin zuwa, na kuwa fara ajiya kaɗan kaɗan daga kuɗin masara. Amma na daina jin ni rabin Kirista ne." Na ce masa madalla, in ajiyar ta cika ya tafi da albarka, in ba ta cika ba, ba abin da ya ragu.

Dukanmu baƙi ne a duniya, kamar kakanmu Ibrahim wanda ya zauna cikin alfarwa yana sauraron birnin da Allah ya shirya. Wannan ce tafiyar da ta wajaba bisa kowane mai bi, guzurinta kuwa tuba ne da bangaskiya da ƙauna. Ka tambayi kanka yau: ina bin hanya, ko kuwa hange kawai na ke yi?

ADDU'A

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka taka ƙurar duniyan nan saboda mu, ka kiyaye masu tafiya, ka komo da su lafiya da zuciya mai tawali'u. Ka ta'azantar da waɗanda suka zauna gida. Ka ba mutanen ƙasar da aka haife ka salama. Ka tsare mu daga fahariya da ƙarya da dogara ga abin da hannu ya taɓa. Ka buɗe idanunmu mu gan ka cikin maƙwabtanmu, har ran da za ka shigar da mu birninka. Amin.